Rijiyar da Ba a Shigar Mata da Ƙarfe

To, kun gama dariyar? Ai na ji ku tun ina alwala. Wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai mutum zai yi ta tonawa har ya ga ruwa. Madalla. Kai mai jar hula, kai ne ka ce ko jaki aka ba wa diga zai iya, ko? Matso nan kusa ka zauna, ba na son ɗaga murya, ƙirjin nan ya gaji. Sunana Sale, amma daga Kiru har Doguwa in ba ka ce Sale Mai Rijiya ba, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Shekara arba'in da ɗoriya ina shiga ƙasa ina fitowa. Rijiyoyin da na haƙa ban san adadinsu ba. Wadda na kashe kuwa guda ɗaya ce tak, kuma ita kaɗai mutanen wani ƙauye suke sha. Labarinta zan ba ku, sai dai ku yi haƙuri in fara gaya muku yadda ruwa yake zama a cikin ƙasa, in ba haka ba ba za ku gane girman ɓarnar ba.

Rijiyar farko da na shiga a Yako ce, a gidan wani mahauci. Kafin ranar sai da na yi shekara biyu cur ina jan igiya a wajen maigidana, Malam Iro, Allah ya jiƙansa. Mutum ne marar yawan magana, amma akwai faɗa. Duk bokitin ƙasar da na jawo, ba ya yarda in zubar inda na ga dama. Baƙar ƙasar sama tarinta daban, jar ƙasa daban, marmara daban, yumɓu daban, rairayi daban. In ya fito shan iska sai ya bi tarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya damƙa, ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana a harshe. Ranar nan ya ɗebo rairayi a ƙwarya ɗaya, yumɓu a ɗaya, ya ce in zuba musu ruwa. Na rairayi ya shige nan take. Na yumɓu ya tsaya a sama yana kallona. Ya ce, "Ka gani? Wancan hanya ce, wannan ƙofa ce. Ruwan sama in ya sauka tafiya yake yi ƙasa, a hankali, har ya tarar da abin da zai tare shi. Inda ya tsaya, nan muke zuwa mu same shi." Karatun ke nan, bai ƙara ko kalma ba, ya koma raminsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Diga mai gajeriyar ƙota, don a gindin rijiya ba filin ɗaga hannu. Dagi, ƙarfen nan dogo mai kaifin baki, da shi ake fasa marmara, da shi kuma ake soka ƙasa a ji abin da ke gaba. Ɗan guntun shebur, bokiti, igiya biyu, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta mutum. Igiyar mutum ba a ba da aronta, ko ɗan'uwanka ne. Zurfi kuma da gaba muke aunawa, wato ka buɗe hannuwanka biyu iya buɗewa, gaba ɗaya ke nan. In ka kai gaba goma ka ɗaga kai, sararin sama bai fi faifai ba. Zafi ya dafa ka, gumi ya cika maka ido, ga wata muguwar iska da take kwanciya a tsohuwar rijiya, ba wari ba launi, sai dai ka ji kanka ya yi nauyi ƙafafunka sun saki. Shi ya sa kafin mutum ya sauka ake zura fitila. In ta mutu, sai a ɗaure ganyen darbejiya a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iskar ta sauya. Na san mutum biyu da suka ce wannan ɓata lokaci ne, duka na je jana'izarsu.

Masu ba da aiki kuwa, kai dai Allah ya ba mu haƙuri. Akwai wani Alhaji a Bebeji da ya gama gida ana cikin kaka, ya ce lallai sai an haƙa masa rijiya kafin iyalinsa su tare. Na ce, "Alhaji, rijiyar kaka maƙaryaciya ce. Yanzu ƙasa ta ƙoshi da ruwan damina, gaba biyar za mu tarar da shi, amma baƙo ne, sauka zai yi ta yi. A bari sai bazara, inda muka same shi a lokacin nan ne mazauninsa." Ya ce ina neman ja masa rai ne. To, na haƙa. Gaba biyar sai ga ruwa garai-garai, ya yi ta yi min kallon ka-gani-ko. Watan azumin shekarar a bazara ya faɗo, sai ga ɗan aike da sassafe wai Alhaji yana gaisuwa, guga ƙasa yake kwasowa. Wani kuma a Tudun Wada ya nuna min wuri taku shida daga masai, kuma a gangare. Na ce masa ruwa fa tafiya yake a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake yi a sama, daga tudu zuwa kwari, illa dai shi na ƙasa ba ya sauri, kuma duk abin da ya ratsa sai ya ɗauko. Ya ce ai zai sa siminti. Na ɗauki digata na yi gaba, wani ya haƙa masa, ban san me suka sha ba.

Da can, neman wurin haƙa bai da wuya. Ka duba inda ɓaure ko kanya suke kore shar a tsakiyar rani, ko inda gara ta tayar da suri mai danshi, ka kafa digarka da bismilla. Yanzu ina itatuwan? An sare an yi gawayi. Ku ba ku san aikin da bishiya take yi wa ƙasa ba. Ganyenta ya rage wa ruwan sama ƙarfi, saiwarta ta buɗe masa hanya, ciyawar gindinta ta riƙe shi har ƙasa ta sha. Yau fili ya zama fayau, ya taurare kamar daɓe. Ruwan ma ya sauya hali. Maimakon ya wuni yana yayyafi, sai ya yi sati uku bai zo ba, ran da zai zo kuma ya juye gaba ɗaya cikin awa biyu, ya kwashe ƙasar gona ya yi kwazazzabo da ita. Mutane su ce an sha ruwa bana, alhali ƙasa ba ta sha komai ba, wucewa ya yi ta kanta. Rairayin rafi da yake ɓoye ruwa har bazara, motocin tifa sun kwashe. Fadama kuma kowa da injinsa yana zuƙa. Inda muka samu ruwa a gaba bakwai da Malam Iro, na koma da furfurata na yi goma sha biyu ina fama.

To, a irin wannan hali aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama fitar da kai ba. Kafin bazara ta yi nisa rijiyoyi sun fara ƙafewa, ni da abokin aikina Garba ba mu da hutu. Garba sa'ana ne, shi yake riƙe min igiya tun bayan rasuwar maigidana. Aikin duk iri ɗaya ne: a shiga, a ƙara gaba ɗaya ko biyu, ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙasa, a yi mana addu'a mu wuce. Mun yi haka ya fi sau ashirin a wannan ranin, ba wadda ta ba mu kunya. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Ana nan sai wani mai unguwa ya aiko mana daga wani ɗan ƙauye a can bayan Dangora, kan wani tudu. Ba zan faɗi sunan garin ba. Gida bai fi ashirin ba, da rugar Fulani guda a gefe. Rijiyarsu ɗaya, tsohuwa, gaba tara, bakinta duk igiya ta ci itacen ta yi masa zane. Ba ta ƙafe ba. Tana tara ruwa kaɗan-kaɗan, da safe ya kai ƙwauri, mata su raba, kowane gida jarka biyu. Ba wanka, ba wanki, amma ana sha ana dafa tuwo, shanun huɗa ma suna samun na jiƙa maƙoshi. In ba ita ba, sai rafi, tafiyar da in mace ta fita da hantsi sai azahar za ta dawo, kuma can ɗin ma sai an yi tono. Saura kamar wata biyu a sa ran ruwan sama.

Mai unguwa ya tarbe mu da fura, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Ya ce, "Malam Sale, mun ji labarin hannunka. Jarka biyu ta yi mana kaɗan. A ƙara mata zurfi mu ma mu wadata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda jibi war haka har wanka za ku yi."

Muna sauke kaya a bakin rijiyar sai ga wata tsohuwa da sanda, ana kiranta Iya Hansai, ita ce mafi tsufa a garin. Ta tsaya ta ƙura wa dagina ido, ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ƙarfen ina za ka kai shi?"

Na ce, "Ciki mana, Iya. Da me zan yi haƙan?"

Ta ce, "Rijiyar nan ba a shigar mata da ƙarfe. Tun ina amarya surukata ta gaya min, ita ma haka ta tarar. In za a yi yasa, da ƙwarya ake kwashe laka, in hannu ya taɓa santsi sai a tsaya a fito."

Na yi dariya, irin wadda kuka yi ɗazu. Na ce, "Haba Iya, in aljanu ne a ciki ai mun saba, tare muke kwana."

Ta ce, "Ni ban ce maka aljani ba. Na ce ba a shigar mata da ƙarfe."

Mai unguwa ya ji kunya, ya ce, "Iya, a yi haƙuri, zamani ya sauya. Waɗannan masana ne." Ta dube shi, ta dube ni, ta juya da sandarta ta tafi. Garba ya matso ya ce min a hankali, "Sale, ruwa fa ba ya tsami banza." Na ce masa in tsoro yake ji ya riƙe igiya kawai, ai ba shi zai shiga ba.

Washegari da safe mata suka kwashe ruwan tas, aka cika randuna da jarkoki don a samu na sha kafin mu gama. Muka zura fitila, ta ci lafiya lau, na sauka. Ku saurara da kyau a nan. Da na isa gindi, na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Ruwan rijiyar nan ba daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa ba. Daga gefe yake tsattsafowa, ta wani siririn layin rairayi da bai fi tafin hannu biyu ba, yana gangarowa ta bango yana taruwa. Ƙarƙashin ƙafata kuwa, da na kwashe laka, sai ga yumɓu mai ruwan toka, santsi kamar sabulu. Wato ruwan daminar da tudun nan ya sha shekara da shekaru, a kan yumɓun nan yake zaune. Na gani da idona, na kuma san ma'anarsa. Amma sai na ce a raina, ai sau nawa na fasa yumɓu na tarar da babban ruwa a ƙarƙashi? Na manta cewa waɗancan duk a kwari suke, wannan kuwa a kan tudu.

Na sa diga. Yumɓun yana fitowa gunduwa-gunduwa, Garba yana ja. Na ci kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na ci na biyu, faɗin gindin duka. Ruwan gefe yana ta tsattsafowa har ya rufe min idon sawu. Wajen azahar na ce bari in soka dagi in ji saura nawa. Na ɗaga, na buga sau ɗaya, sau biyu. A na uku sai dagin ya zurma har hannuna, kamar wani ya fizge shi daga ƙasa. Na yi murna, wallahi murna na yi, na ɗaga kai na ce, "Garba, mun iso!" Na zare dagin ina jiran ruwa ya biyo shi.

Iska ce ta fito, mai sanyi, busasshiya. Sai na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar mutum yana zuƙar kunu. Na duba ƙafata, ruwan yana juyawa yana shigewa ramin. Kafin in ce innalillahi sau uku, yatsun ƙafata sun fito fili.

Garba ya leƙo ya ce, "Yaya? A turo guga?"

Na ce, "Turo min yumɓun da muka fitar. Yi sauri."

Na cusa, na danna da dunduniya, na yi ta kirɓawa har la'asar. Da gari ya waye na sauka, gindi danshi kawai. Na riga na rage wa yumɓun kauri ko'ina, ya tsattsage, ruwa ya samu hanyoyi ba ɗaya ba. Muka aika aka kawo siminti a kan acaɓa daga Dangora, na shafe gindin. Ruwan ya ƙi hawa kan simintin, ya riƙa bin jikin bango yana sulalewa ta gefe. Shi ruwa in ya ga hanya ba ya mantawa.

A nan ya kamata in tsaya in nemi wanda ya fi ni. Garba ya ce, "Sale, mu bar ta haka, mu samo yumɓu mai yawa daga fadama mu cike, ko Allah zai sa ta kama kafin damina." Na ƙi. Kunya ce ta hana ni, ga mata a tsaye da jarkoki suna kallon bakin rijiya. Na ce tunda ƙasa ya tafi, ƙasa zan bi shi. Na fasa simintin, na cinye sauran yumɓun gaba ɗaya, na shiga busasshiyar tsakuwa. Gaba ɗaya, gaba biyu, tana shanye duk ɗigon da ya gangaro. A rana ta huɗu diga ta yi tsalle ta dawo min, wuta ta tashi. Fa ne, dutse shimfiɗe, da wata tsaga a tsakiya da ko yatsa ba ya shiga, ta nan ruwan garin yake tafiya inda ba mai iya bin sa. Garin gyaran gira na tsone ido. Na zauna a kan dutsen nan na daɗe, sannan na girgiza igiya.

Da na fito, ban tarar da taron da na saba gani ba. Fulanin rugar sun riga sun kaɗa shanunsu tun safe sun yi kudu. A ƙofar wani gida ana ɗaura tabarmi da tukwane a kan amalanke, za su koma wajen dangi a Tudun Wada. Mai unguwa yana zaune a gindin wata tsamiya. Na je na durƙusa, laka har gira, na ce, "Ranka ya daɗe, na kashe muku rijiya. Ba ƙaddarar ƙasa ba ce, hannuna ne. Na ga alama na ƙi tsayawa."

Ya ce, "Da damina fa? Za ta dawo?"

Na ce, "Ko ta tara, ba za ta riƙe ba. Gindin ya tafi."

Ya ce, "To. Ni na kira ka." Bai ƙara ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Muna ɗaure kaya, harshena ya manne da ganɗa, tun safe ban sa komai a baki ba, kuma wa zan roƙa ruwa a garin nan? Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Iya Hansai ce, tana tafe a hankali da moɗa a hannu, ta tare bakinta da ɗayan tafin kada ya zube. Na sunkuyar da kai, na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don ta isa.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Ungo."

Na ce, "Iya, ki bar shi. Ku kuka fi bukata."

Ta ce, "Ba a yi mana aiki a tafi da ƙishirwa. Karɓi."

Na karɓa da hannu biyu. Ruwa ne mai sanyin randa, da ɗan gardin yumɓu, irin wanda ban taɓa sha a wata rijiya ba. Na kurɓa sau biyu na miƙa mata sauran.

Ta ce, "A'a, shanye. Na rijiyar ne, na ranar da ka shiga. Shi ke nan ya rage a garin."

Na shanye, tana tsaye tana kallona har na gama. Ta karɓi moɗarta ta kife, ta juya ta tafi.